Ranar da Na Taka Ƙafar Mahaifina a Kan Laftof

Shekarun baya, lokacin da na gama difloma na dawo gida Gumel ina jiran aikin da ya ƙi zuwa, ba ni da wurin zuwa sai shagon abokina mai gyaran waya da kwamfuta. Da safe in taya shi kwance laftof ɗin mutane, mu goge, mu sauya abin da ya mutu. Da zarar an kawo wuta kuwa sai mu ture aikin gefe, mu jona gem ɗin ƙwallo, mu yi ta cin juna har la'asar. In za a bi gaskiya, gem ɗin ya fi gyaran yawa. Sai dai a wannan zaman ne na san kan firosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke cikin kwamfuta, wadda duk aikin yake wuyanta. Mai son gem da aljihunsa babu nauyi dole ya zama malami a wannan fanni, don ba shi da halin ya saya, ya yi kuskure, ya sake saye. Sai da ta kai ko daga ƙarar fanka ina iya gane laftof ɗin da ke shan wuya.

Mahaifina fataucin shanu yake yi, duk Alhamis yana kara, wato kasuwar shanu ta Maigatari. A wurinsa duk abin nan da na lissafa sunansa ɗaya: wasa. Idan baƙo ya tambaye shi me nake yi yanzu, sai ya ce, "Yana nan yana buga ƙwallon da ba a yin gumi." A yi dariya, ni ma in taya su, amma wallahi maganar tana ci mini rai. Ba zagina yake yi ba, bai kuma taɓa hana ni abinci ba. Kawai dai ba ya neman shawarata a kan komai, ko da sayen ƙwan fitila ne. Ga ni ƙato har da gemu, amma a gidanmu maganata ba ta wuce ƙofar ɗakina.

Ana nan sai ƙanwata ta gama makarantar koyon aikin lafiya, aka tura ta wani ɗan asibiti a wani ƙauye can bayan Sule Tankarkar. Yarinya ce mai zafin nema. Tana so ta ci gaba da karatu ta intanet, ga kuma rahoton wata-wata da ake so ta riƙa bugawa, don haka ta ce laftof take buƙata. Ƙauyen ko turken wuta ɗaya babu. Akwai 'yar sola a rufin asibitin, amma ta firjin allurar rigakafi ce, ba mai taɓa ta. Mai son caji sai dai ya ba ɗan acaɓa kayansa a kai shagon caji cikin gari, a dawo masa da shi da yamma ko washegari. Mahaifina ya saurare ta, ya sayar da ɗan maraƙi guda, ya ce mata, "Wannan ita ce ta farko, ita ce ta ƙarshe. In ta lalace, biro da takarda ba su mutu ba."

Mahaifiyata ce ta sa baki a tafi da ni.

"Malam, a je da yayanta mana, tunda shi ya san kan abin. In ta zo hutun ƙarshen mako shi ma sai ya riƙa taɓawa."

Mahaifina ya ce, "Ya san kan wasa dai. Ni na san wadda zai zaɓa tun kafin mu tashi, wadda za ta yi masa ƙwallo. Sai yarinya ta tafi ƙauye da abin wasan yayanta. Ya zo ya riƙe jaka, amma Alhaji ya riga ya ware mata."

Ina tsakar gida ina alwala na ji wannan. Abin da ya fi ƙona ni shi ne rabin maganar gaskiya ce. Tun da na ji laftof za ta shigo gidanmu nake lissafin ranakun Asabar da Lahadi. Har na riga na jefa filash ɗina mai gem da hannun buga gem ɗin a cikin jakar da aka ce in riƙe.

Alhajin da ake magana aminin mahaifina ne tun suna samari. Yana da shago a Maigatari, yana kawo kaya daga tsallaken iyaka, daga dabino har wayoyi, kuma a 'yan shekarun ya fara haɗawa da laftof na hannu. Shi ma ba laftof yake ce musu ba, "ordinata" yake cewa irin na mutanen Damagaram. Mutumin kirki ne, mai yawan dariya, in ka shiga shagonsa ba ka fita ba ka sha shayi ba.

Muka shiga motar haya da sassafe mu uku. Ranar kasuwa ce, hanya cike da manyan motoci da babura, wani ya ɗaure akuya a gabansa wani a bayansa. Da muka isa, Alhaji ya tarye mu da murna, aka gaisa, aka tambayi gida da damina, aka sha shayi. Sannan ya shiga ciki ya fito da wata ƙatuwar laftof baƙa a rungume, ya ajiye a kan tebur sai da teburin ya amsa.

"Ga ta 'yata," in ji shi. "Tun da aka sauke kayan nan na ɓoye ta. Samari sun yi ta zarya a kanta, na ce an saya. Malam, dubi nan." Ya nuna wani ɗan tambari a ƙasan madannai. "Lamba bakwai ce. Wanda ya kawo ya ce babu sama da ita."

Bari in yi wa waɗanda ba su sani ba bayani kaɗan. Masu ƙera firosesa suna raba su aji-aji da lamba: uku, biyar, bakwai. Mutanenmu kuwa sun iya ƙirga, sun san bakwai ta fi uku, shi ke nan magana ta ƙare. Abin da tambarin ba ya ɗaga murya ya faɗa shi ne zubin wace shekara ne. Kowane zubi yana da nasa uku da biyar da bakwai. Sabon zubi yakan yi aiki da wuta kaɗan, ba ya kuma zafi sosai. Tsohon zubi, komai girman lambarsa, ci gare shi. Ba ƙarya Alhaji yake yi ba, shi ma haka aka faɗa masa, haka ya yarda.

Suna hira na kunna ta, na leƙa inda ake ganin cikakken sunan firosesar. Gabana ya faɗi, kuma a lokaci guda yawuna ya tsinke. Zubin tun ƙanwata tana firamare ne. Amma tana da katin hoto nata daban, irin wanda aka yi don gem. Kai! Na san abin da wannan baƙar za ta yi da ƙwallo. A shagon abokina irinta muke gani a hoto mu yi ta haɗiyar yawu.

A kan kanta akwai wasu guda biyu. Ɗaya sabuwa dal a leda, siririya, ruwan gwal, wadda ƙanwata tun da muka shigo take satar kallonta. Ɗayar kuma wata 'yar toka-toka mai ƙarzuwa a murfi, an ɗora mata kwalin dabino. Na roƙi Alhaji in duba, ya ce, "Duba mana, injiniya, ai kallo kyauta ne." Mai ruwan gwal ɗin firosesarta ko cikin masu lamba ba ta, irin ƙananan nan ce da ake sa wa laftof mai araha. 'Yar tokar kuwa lamba uku ce, amma sabon zubi, irin wanda aka yi don ya daɗe a kan batir. Kuɗinsu duka ukun bai yi nisa da juna ba, don Alhaji ya rage wa baƙar sosai saboda zumunci.

Ina cikin wannan sai na ji muryar mahaifina ta sauya. Duk ɗan bafatake ya san wannan muryar, ita ce ta rufe ciniki. Mahaifina kuwa an san shi a kara da abu ɗaya: in ya ce "na saya", ko dabbar ta faɗi a gabansa ba ya janyewa. Ya gyara zama a kan benci, ya ɗora hannu a kan baƙar, ya ce, "To Alhaji, tunda kai ka zaɓa, ai ba sauran magana. Allah ya sa albarka, na sa..."

A kara akwai wata al'ada. Idan fatake biyu suka je sayen sa, ɗaya ya hango aibin da ɗayan bai gani ba, ba ya buɗe baki a gaban mai dabba. Ƙafar abokinsa yake takawa, a hankali, kamar kuskure. Tun ina ƙarami nake ganin ana yi wa mahaifina, yana yi wa wasu. Amma tsakanin sa'a da sa'a ake yi. Ban taɓa jin inda ɗa ya yi wa ubansa ba.

Ni dai ban san lokacin da ƙafata ta tafi ba. Kuma maimakon a hankali sai na sakar masa nauyina gaba ɗaya a kan babban yatsa.

Maganar ta maƙale masa. Ya yi tari. Ƙanwata ta ja mayafi ta rufe baki. Ni kuwa na ce yau kashina ya bushe, ina ma ƙasa ta tsage in shige.

Alhaji tsohon ɗan kasuwa ne, idonsa ba ya barin komai. Ya kalli ƙasa, ya kalle ni, ya kalli amininsa, sai ya fashe da dariya har yana dukan cinya.

"La ilaha illallahu! Malam, yau kai aka taka? A shagona?"

Mahaifina bai yi dariya ba. Bai kuma kalle ni ba. Ya janye ƙafarsa a hankali, ya ce, "To. Wanda ya taka ƙafa shi ke nuna aibu. Muna ji."

Na durƙusa. Na ce, "Baba Alhaji, Allah ya huci zuciyarka, ba raina zaɓinka na yi ba. Laftof ce mai kyau. Amma ba a cinikin biri a sama. Ko san huɗa sai an ɗaura masa garma an ga tafiyarsa. A ba ni dama in gwada su duka ukun a gabanku, in na yi kuskure a yi mini hukunci."

"Gwada!" in ji Alhaji. "Gani ya kori ji. Samarin nan sun ce ƙwallo ake gwada ta da shi. Kana da shi?"

Na buɗe jaka na fito da filash da hannun gem. Mahaifina ya yi wani ɗan murmushi mara daɗi, ya ce wa Alhaji, "Ka gani ko? Da makaminsa ya zo."

Aka tayar da inji, na jona su duka. Na fara da mai ruwan gwal don in sallami ƙanwata. Gem ɗin ma ƙin buɗewa ya yi, ta yi ta juya ɗan zobe a allo. Na ce to a bar gem, ba don shi aka yi ta ba. Na buɗe mata shafin rubutu, na kunna wani bidiyon darasi da ke wayar ƙanwata, na ƙara buɗe wani littafi. Nan take ta fara tunani. Ka danna harafi yanzu, sai ka gama ƙifta ido ya fito. Na ce, "Wannan in rubutu kaɗai za a yi, abu ɗaya bayan ɗaya, za ta yi. Amma ke karatu za ki yi, malami yana magana kina rubutu kina duba littafi. Kuma ba a ƙara mata komai, yadda aka haife ta haka za ta mutu."

Ƙanwata ta tura baki. "Yaya, kai dai ba ka son abu mai kyau."

Na ce, "In kallo za ki yi, in saya miki madubi."

Sai 'yar toka. Ta buɗe gem, amma sai da na rage masa kyan hoto. 'Yan wasan suna gudu lafiya, sai dai fuskokinsu duk iri ɗaya, 'yan kallo kuwa kamar an zana su da gawayi. In aka taru a bakin raga takan ɗan yi tsalle. Ana iya bugawa, ba laifi, irin na maleji.

Sannan baƙar Alhaji. Jama'a! Na ƙure mata komai har sama, ko gezau. Ciyawar filin ɗaya-ɗaya kake gani. Rigar ɗan wasa tana kaɗawa. Kafin ka ce kwabo 'yan acaɓan da ke fakewa a inuwar shagon sun cika ƙofa, mai shayi ya bar tukunyarsa. Na yanke mutum biyu, na ɗaga ƙwallo ta wuce kan gola, sai shagon ya ɗauka gaba ɗaya, "Ta shiga!" Wallahi a rayuwata ban taɓa buga gem mai daɗin wannan ba. Na ji kamar in rungume ta in ruga.

Alhaji ya daki kafaɗar mahaifina. "Ka gani? Na faɗa maka, lamba bakwai!"

Mahaifina ya kalle ni, karo na farko tun da na taka shi. Kallon yana cewa: to, ga abin da ka zo nema, an ba ka a faranti, me kuma ya rage? Kuma gaskiya ne. In na yi shiru a nan, kowa ya ji daɗi. Alhaji ya fita kunya, mahaifina ya cika maganarsa, ni in sami ƙwallon Asabar da Lahadi. Ƙanwata kaɗai za ta gane, ita ma sai ta je ƙauye.

Na ajiye hannun gem ɗin. Na ce, "Baba, a ƙwallo wannan baƙar ta fi, nesa ba kusa ba. Da ni za a saya wa, ita zan ɗauka, ko a kai ne in kai ta Gumel. Amma ba ni za a tura ƙauye ba. A kashe inji."

Aka kashe. Na zare cajojin biyu na miƙa wa mahaifina, ɗaya a kowane hannu. Na baƙar kamar bulo, na 'yar toka kamar sabulun wanka. Ya jinjina su. Na ce, "Girman caja shi ne girman cikin mai ita." Na kama hannunsa, abin da ban taɓa yi ba tun da na girma, na kai shi gefen baƙar inda iska ke fita. Ya janye da sauri. Na kai shi gefen 'yar toka, ya bar shi a nan, ya ɗan karkata kai yana saurare kamar yadda yake sauraren numfashin dabba.

Na tabbatar duka biyun a cike suke. Na buɗe musu aiki iri ɗaya, irin wanda ƙanwata za ta riƙa yi: bidiyon darasi, shafin rubutu, littafi. Na daidaita hasken allonsu. Na ce, "Ga shi ana kiran azahar. Mu bar su haka, mu je mu yi salla, mu ci abinci, mu dawo. Ke ki zauna ki tsare, kada kowa ya taɓa."

A masallaci, Allah ya yafe mini, rabin hankalina yana shago. Batir na hannu ba shi da amana. In 'yar tokar nan ta ba ni kunya, na taka ƙafar mahaifina a banza a gaban amininsa, kuma na san har in mutu ba za a ƙara tambayata ko ƙarfe nawa ba. Alhaji ya ja mu wurin mai nama, aka kawo balangu mai zafi, ni kuwa kamar roba nake tauna. Ga su da hira, wannan ya tsayar da su a gaisa, wancan ya ja mahaifina ya ga wani bijimi. Ban taɓa ganin azahar mai tsawon wannan ba.

Da muka dawo, tun daga ƙofa na kalli fuskar ƙanwata. Ta ɗaga mini gira. Baƙar allonta ya yi baƙi ƙirin, ƙanwata ta ce tun ba mu daɗe da fita ba ta fara kuka, can kuma ta ɗauke. 'Yar toka tana nan, malamin da ke cikin bidiyon yana ta bayaninsa shi kaɗai, batir bai ko kai rabi ba.

Alhaji ya cire hula ya sosa kai. "To ai batir ne ya tsufa, ɗana. Sai a sa mata sabo."

Na ce, "Haka ne, Baba Alhaji, ya tsufa, kuma sabo zai ƙara mata lokaci. Amma mai shan ne ke da ƙishirwa. Firosesar tsohon zubi ce, ga katin hoto yana ja ta gefe. An yi ta ne don gidan da wuta ba ta yankewa. In ta je ƙauyen nan, rabin ranta a bayan babur za ta yi shi, tana zuwa caji tana dawowa. Ga zafin garinmu, ga nata."

Mahaifina ya matso kusa da tebur. Ya nuna tambarin da ke jikin baƙar, ya ce, "Wato wannan lambar ƙaho ce."

Na ce, "Ƙwarai, Baba."

"Shi kuma zubin da kake faɗa, shi ne haƙori, mai faɗin shekaru."

"Shi ne."

Ya gyaɗa kai. Mutumin da ya yi shekaru yana buɗe bakin shanu ba ya buƙatar a ƙara masa bayani. Ya juya wurin amininsa, ya ce, "Alhaji, ka yi wa 'yarka zaɓin girma, Allah ya saka. Amma ƙaramar nan za mu ɗauka. Na saya."

"Na sallama," in ji Alhaji, yana dariya. "Ita kuma wannan gobe-goben nan samari za su yi wawarta, kuma da kuɗinta cikakke. Ka ga ɗanka riba ya jawo mini." Sannan ya jawo ni gefe, ya sa na nuna masa inda ake leƙa zubi, ya sa na maimaita har ya riƙe. Da za mu tafi ya cika mini aljihu da dabino.

Muka hau mota, mahaifina ya zauna ta gefen taga. Daga Maigatari har Gumel yana kallon gonaki ta taga. Ƙanwata tana rungume da 'yar tokarta tana mita a hankali, wai madannan na Faransanci ne, haruffa sun bar gidajensu. Na ce ta kwantar da hankalinta, wannan aikin yamma ɗaya ne. Ni dai tunanina yana kan yatsan nan. Da muka sauka na lura yana ɗan ɗingisawa, na ce shi ke nan, na ci ciniki na faɗi a gida. Da muka shiga, mahaifiyata ta tambaya yaya aka yi, ya ce, "An saya," ya wuce ɗakinsa. Ko a washegari bai tayar da zancen ba, ni ma ban tayar ba.

Ƙanwata ta tafi da laftof ɗinta. Da ita ta yi karatun nan har ta gama, da ita take buga rahotonta, caji ɗaya yana kai ta inda take so. Daga baya na ƙara mata ram, wato ma'ajiyar aikin da ke gabanta, ta ƙara sauri. In ta zo hutu nakan buga ƙwallona a kanta, da 'yan kallona na gawayi, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, duk lokacin da ta yi tsalle a bakin raga sai na tuna baƙar Alhaji na yi tsaki. Har yau ban mallaki irinta ba.

Yanzu ina da ɗan shagona, mutane suna zuwa har daga Gagarawa su ce in zaɓa musu laftof mai sauƙin kuɗi. Kusan kowa da lamba yake shigowa a baki. Ni kuwa ba na fara duba lamba. Tambaya nake yi: me za ka yi da ita, kuma a ina za ta kwana? In ɗan gem ne mai wuta a gida, in nuna masa mai katin hoto ko da ta kwana biyu, in gaya masa za ta yi zafi, ya tanadi haƙuri. In ɗalibi ne ko ma'aikacin ƙauye, sabon zubi ko da lambar ƙarama ce. In rubutu ne kawai ba gaggawa, ko ƙaramar nan ta isa, kada ya wahalar da aljihunsa. Babu wadda ta fi wata sai an faɗi wanda zai riƙe ta. Wannan shi ne abin da na koya, kuma ina alfahari da cewa a zaman da ake ce wa na banza na koye shi.

Amma ba wannan ne ya sa na ba ku labarin ba. Ni ɗan fari ne, kuma kun san iyayenmu da kunyar ɗan fari. Mahaifina bai taɓa yaba mini a gabana ba, ban kuma sa ran zai yi ba. Na ɗauka ma ya manta da ranar, ko kuma yana tuna ta ne da yatsansa kawai.

Sai wata la'asar, an daɗe da yin abin, na dawo gida zan shiga zaure na ji muryarsa a ciki shi da abokansa fatake. Na tsaya a bayan ƙofa don kada in katse su. Ashe labarin yake ba su. Duk ya ƙara masa gishiri: baƙar laftof ta zama kamar ƙyauren ɗaki, 'yan acaɓa sun zama rabin kasuwa, yatsansa kuwa wai sai da ya yi wata yana jinya. Suna ta dariya. Wani a cikinsu ya ce, "Ai Malam, yaran yanzu sun san na'ura."

Mahaifina ya ce, "A'a, ba sanin ba ne. Sani ko a makaranta ana saye. Ni fuskarsa nake kallo lokacin da yake buga ƙwallon nan. Na yi shekaru ina ganin mutum in ya ga dabbar da ta shiga ransa, na san kallon. Yaron nan yana son abin nan kamar ransa. Ba wanda zai kama shi in ya yi shiru. Yana so, ya bari."

Ban shiga ba. Na juya a hankali na koma bakin titi, na zauna a kan wani dakali, ƙato da gemu, ina share ido da hannun riga. Mai rake da ke wurin ya tambaye ni ko lafiya, na ce masa lafiya ƙalau, ya yanko mini na ɗari.